Ɗigon jan biro a kaset ɗin Baba

Ina zaune a shagon mai tura waƙoƙi a Birnin Kebbi, yana kwashe min kaset ɗin da marigayi Baba ya tara tun farkon ba mu jiha, sai na lura da ɗigon jan biro gefen sunan kowace waƙa. Wata ɗaya, wata uku.

Waƙoƙin sun shiga wayata, ɗigon bai biyo su ba.

Da na koma Argungu na tambayi Inna, “Masu ɗigo uku su ne Baba ya fi so?”

Ta yi dariya. “Ina! Wadda duk ya ji ina rerawa wurin sheƙar shinkafa, ita yaka ba ukku.”

Ranar na bi su ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa kowace ɗigonta gefen sunanta a waya.

Ku fa, wace alama iyayenku suka bari da ba ku tambayi ma'anarta ba?