Murfin da ke Romi

Babbar tukunyar alminiyam da na gada wurin mahaifiyata ta tsage ana saura 'yan kwanaki bikin da aka ba ni aikin girkinsa a coci. Tukwane sun cika kasuwa, na sani. Amma wannan ce Mama ta ciyar da mu da ita tun masaƙun Kakuri na aiki, kuma ban shirya rabuwa da ita ba.

Na ɗora ta a keke na kai wa wani mai walda, Ibo, a bayan tsohuwar masaƙa. Na zaci zai kunna wuta nan take. Ina! Sai ya ƙwanƙwasa ta yana saurare, ya leƙa cikin tsagar, ya goga gefenta da zarto ya matsa lemun tsami a kan garin da ya zubo, yana duba ko zai yi kumfa. Raina ya fara ɓaci.

"Oga, walda na kawo, ba awon asibiti ba."

"Madam, yi haƙuri," in ji shi. "Alminiyam ba iri ɗaya ba ne. Masu zubin tukunya komai suke narkawa, gwangwani, fistan mota, har kaskon janareta. In na sa sandar walda da ba irinta ba, ranar da ta hau wuta za ta sake buɗewa. Wata ma narkewa za ta yi a hannuna."

Ya ce ya kasa gane haɗin wannan. Hanya ɗaya ta rage: a yanko ƙarfen liƙin daga abin da aka zuba tare da ita rana ɗaya. Ina murfinta?

Murfin yana unguwar Romi, wurin ƙanwata. Ranar da aka raba kayan Mama muka yi cacar baki, na ɗauki tukunya, ita kuma ta fizge murfi don ta ƙuntata mini. Tun daga nan ko a jana'iza muka haɗu, gaisuwa ce kawai. Ni da faifan langa nake rufe tukunyata.

Na je. Ban ba ta haƙuri ba, don har gobe ni ke da gaskiya. Na dai ce tukunyar Mama ta tsage. Sai ta shiga ɗaki ta fito da murfin a naɗe cikin zanin Mama, yana ƙyalli kamar sabo. Nan ne idona ya kawo ruwa.

Tare muka koma wurin mai walda, muka tsaya ya yanke siririn bakin murfin, ya narkar da shi cikin tsagar. Liƙin ya kama.

Da na miƙa hannu zan ɗauki murfin, sai ta riga ni.

"Yaya, nawa ne har yanzu. Ranar girki ki kira ni."

Yanzu murfin ba ya rufewa daidai, tururi na fita ta inda aka yanke. Duk bikin da na samu, ita ke zuwa da shi daga Romi, kuma ba ta tafiya sai an wanke tukunya.