Kyaftin Da Ke Mayar Da Mamata Gida

Tun hantsi bai gama fitowa ba, za ka hango shi yana zagaya jirginsa a ƙafa, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana shafa ƙarfe. Ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga sama ko da ruwa a ciki. Sai ya gama sannan ya nufi ƙofar kaya, ya cire hula, ya tsaya gaban dogon akwatin da aka ɗaure da igiyoyi, ya yi sallama.

Wannan shi ne Kyaftin, wanda ya ajiye aiki makon jiya bayan shekara talatin da ɗaya a sama. Jirginsa ƙarami ne, na dakon magunguna da wasiƙu. Amma da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya rasu nesa da gida ba, danginsa kuma suna can bayan duwatsu, inda mota ke kwana biyu a hanya. Sauran matuƙa, da sun ji akwai gawa, sai uzuri ya taso musu. Shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba, har leburorin filin jirgin suka laƙaba masa Direban Masu Barci.

Kafin ya tashi sai ya karanta takardar mamacin, ya danna lasifika kamar jirgin cike yake da jama'a. "Baba, tafiyar awa ɗaya da kwata ce. Akwai hadari a gaba, za a ɗan ji jijjiga, a yi mana haƙuri." Sabbin ma'aikata kan ƙunshe dariya a ranar farko. A rana ta biyu tsigar jikinsu ce ke tashi.

Sau biyu manyan kamfanoni suna nemansa. Matarsa ta yi mita har ta gaji. "Baban yara, abokanka suna kai masu rai manyan birane, kai ka liƙe wa akwatuna?" Sai ya ce, "Ke dai bari. Fasinjojina ba wanda ya taɓa cewa shayi ya huce." Ta ce da bakinsa yake wasa, amma in ya dawo yakan jima a bakin famfo yana wanke hannu, kuma ba ya bari jikoki su rungume shi sai ya sauya riga.

Abin da aka fi tunawa da shi, mataimakiyarsa ce ta gani da idonta, a makonta na uku da fara aiki. Da rana tsaka ne, cikin damina, suna ɗauke da wata tsohuwa. Suka shiga gajimare fari fat, ba sama ba ƙasa, rediyo ya koma shuuu. Sai suka ji ƙwanƙwasa daga baya. Sau uku, a hankali, irin ta mai kunyar tashin masu gida.

Su biyu ne a jirgin, sai akwatin.

"Kyaftin, ka ji?" in ji ta.

"Na ji, 'yata. Kada ki ɗauke ido daga agogunanki."

Ta duba. Ba fitilar da ta kama, ba allurar da ta kauce. Aka sake ƙwanƙwasawa, sau uku, aka yi shiru. Saura minti ashirin su isa, amma sai sun haye duwatsu, dangi kuma suna can suna jira tun safe. Sai Kyaftin ya danna lasifika.

"Inna, mun ji. Bari mu sauka mu duba."

Ya karkata jirgin zuwa wani tsohon fili da aka daina amfani da shi.

Ta ce, "Me za mu ce wa ofis? Babu abin da ya nuna matsala."

"Mu ce an ƙwanƙwasa."

Suka sauka cikin ciyawa, ba mahaluki ko ɗaya a wurin. Ya shiga baya tana biye da shi. Akwatin yana nan a ɗaure, ko motsi bai yi ba. Ƙofar kaya ce: makullanta uku, biyu sun karye, na ukun ya tsage saura ƙiris. Da sun hau kan duwatsun nan inda iska ke wujijjiga jirgi, ƙofar ta ɓalle ta doki jelarsa, da yau ba mai ba da labarin.

Makaniken da ya zo da mota daga baya ya juya ƙarfen a hannu ya girgiza kai. Ya rantse cewa makullin da ya karye fito yake yi, ba ya ƙwanƙwasa. Kyaftin bai ja da shi ba, har yau kuma bai taɓa cewa ga abin da ya ji ba. Abin da kawai ya yi, ya sa aka sauko da tsohuwar inuwar fiffike, ya zauna kusa da ita, sannan ya bi motar da aka sa ta har gidansu don ya ba 'ya'yanta haƙurin jinkiri da bakinsa.

Kyaftin, kai ne ka ɗauki aikin da kowa ke kau da kai daga gare shi, ka riƙe shi da mutunci. Kai ne mai girmama wanda ba zai iya gode maka ba. An tambaye ka ko kana da-na-sanin ƙin manyan jirage, ka ce sam. Ka ce duk duniya ba abin da ya kai lokacin da ka ɓullo ƙarƙashin gajimare ka hango mutane jere a bakin fili, hannu a goshi suna duban sama, ka san ka kawo musu nasu. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri.

Ku kuma matasan matuƙa, ga abin da ya faru a walimar sallamarsa. Ana cikin tafi wani dattijo da ba wanda ya gayyata ya shigo da sanda. Daga bayan duwatsu yake, ya zo asibiti, likitoci kuma sun gaya masa gaskiya. Ya kama hannun Kyaftin da hannu biyu ya ce, "Ɗana, kai ka kai matata, kai ka kai ƙanena. Na ji ka bari. To ni wa zai kai ni?"

Kyaftin ya juyo ya dube ku ɗaya bayan ɗaya. Dattijon yana nan a gadon asibiti, amsarku yake jira.