Ranar da Bas Ta Zo a Kan Lokaci

Magina ne suka laƙaba masa Ga-ni-nan, sunan ya bi shi har yaransa ma sun san shi. Shi ke riƙe da makullin wani shagon kayan gini a kasuwa tun shagon bai wuce ɗaki guda ba. Siminti, rodi, ƙusa, kwanon rufi, babu wanda zai taɓa sai ya iso. Magina kuwa mutanen sammako ne. Sai su jeru a bakin ƙofa suna danna masa waya, amsarsa ɗaya ce kullum: "Ga ni nan, saura kaɗan." Wani lokaci da gaske yake. Wani lokaci kuma yana tsaye a tasha, ko ƙeyar mota bai gani ba.

Kada a ɗauki alhakinsa, bawan Allah nan ba malalaci ba ne. Bas ɗin unguwarsu ce ba ta da alƙibla. Yau ta wuce yana ɗaura takalmi, gobe ta shanya mutane har rana ta take. Ran da ta ga dama ta zo daidai, a kan gada za ta yi tari ta mutu, kwandasta ya ce maza su sauko a tura. Ya tura motar nan har ya fi sanin bayanta da cikinta.

Shekara da shekaru a haka, sai ya zama malamin tasha. Daga ƙarar inji yake faɗin ko za ta kai ko ba za ta kai ba. Babbar ƙa'idarsa ita ce, duk motar da ka ga kujera babu kowa a kai, to akwai magana. Matarsa kan ce, "Baban yara, da wannan ilimin naka yana kai mutum wurin aiki, ai da kai ke buɗe garin nan."

Haƙurin mai shago ya ƙare ranar da wani ɗan kwangila ya gaji da jira ya koma shagon maƙwabta. Ya kira shi gefe ya ce, "Malam, ka girme ni, ba na son in gaya maka maras daɗi. Gobe da sassafe babbar mota za ta kawo siminti. In ta tarar da ƙofa a rufe, makulli ya bar hannunka."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma saboda makullin nan 'yan layinsu ke ce masa manaja.

Washegari ya riga kowa zuwa tasha. Can sai ga sauran abokan wahala: malamar asibiti, tsohon masinja, da wani tela da ba ya jin shawarar kowa. Ba su gama gaisawa ba sai ga mota. Sabuwa fil, gilasanta cif, kujeru wayam, direba sanye da riga mai guga. Ta tsaya daidai gabansu, ƙofa ta buɗe da kanta.

Duk suka juyo suna kallon Ga-ni-nan. Ya ƙare mata kallo daga sama har taya, ya yi murmushin manya.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji shi. "Ta ma'aikatan wani kamfani ce. Ku shiga a sauke ku da kunya."

Direba ya leƙo. "Kasuwa! Babu masu tafiya ne?"

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Ga-ni-nan, har da ɗaga masa hannu.

Tela kaɗai ya shige abinsa. Ga-ni-nan ya girgiza kai don tausayi.

Suka dasa jiran tsohuwar. Gari ya waye tangaram, 'yan makaranta suka wuce, shiru. Ashe tun jiya aka kwashe tsofaffin motocin layin aka zuba sababbi. Ba su sani ba sai da sabuwar ta je ta dawo, direban ya buɗe ƙofa ya ce, "A'a, Baba, har yanzu kana nan?"

Kallon da malamar asibiti ta yi masa, gara ta zage shi. Ya shiga ya zauna a kujera mai laushi, abin da ya daɗe yana roƙon Allah, amma kamar a kan ƙaya yake. Waya na ta ruri a aljihu, ya kasa ɗauka.

Ko da ya isa, an yanke kwaɗon ƙofa, leburori sun yi nisa da sauke siminti. Mai shago bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi zafi. Sabon kwaɗo da makullinsa na hannun mai karɓar kuɗin shagon. Ga-ni-nan ya laluba aljihu ya miƙa nasa makullin.

"Riƙe abinka, Malam," in ji mai shago. "Ba abin da yake buɗewa yanzu."

Ba a kore shi ba, yana nan yana auna wa mutane ƙusa. Gida dai bai faɗa ba, bakinsa ya yi nauyi. Kowace safiya in ya kai bakin ƙofa, matarsa kan ɗaga murya daga ciki, "Baban yara, ka ɗauki makulli kuwa?" Sai ya koma ya ɗauko.