Ranar Da Na Hana A Kaɗa Takena

Zazzaɓin korona bai daɗe a jikina ba. Tari ya tafi, 'yan uwa suka zo suka yi mini barka, amma daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na dafa katanga ina haki. Kaina kuma kamar an cusa masa auduga: in fara magana, a tsakiya ta ɓace mini. Tsorona ɗaya ne, kada a ce ni da noma mun rabu ke nan.

A Dudunni da galma aka san ni. Ina da takena a wajen gayya, kuma mai kaɗa shi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Da damina ta sauka na ji dama-dama, sai na bi mutane gayyar maƙwabci, da niyyar in ɗan taɓa in zauna. Sai ga shi da ganga har bakin kunnena.

"Ashe kana nan? Ai an ce ka sayar da galmar ka sayi tabarma!"

Ya saki takena. Wanda bai taɓa jin nasa ba ba zai gane ba. Na duƙa, ban ɗago ba sai azahar.

Ranar nan lafiya lau na koma gida, washegari ma haka. Bayan nan ne na kasa ɗaga buta. Na kwanta, na tashi, aka sake gayya, abin ya sake faruwa. Tun da ba a gona nake faɗuwa ba, babu wanda ya zargi galma. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa mini.

A asibitin Kankiya, bayan an duba ƙirji da jini, wata ma'aikaciya ta ce, "Baba, me ka yi shekaranjiya?"

Na ce, "Huɗa."

Ta ce wasu haka korona ke barinsu, gajiyar ba ta zuwa lokacin aiki, sai ta biyo baya. "Ba lalaci ba ne. Ka riƙa tsayawa tun kana da sauran ƙarfi, ka ƙara a hankali."

Na fito ina hamdala. Ashe abin ciwo ne da aka sani.

Na sami taubashin nawa yana gyaran fatar ganga. Na ce, "Roƙo na zo. In ka gan ni a gona, kada ka kaɗa mini."

"Kai! Gwarzo ya tuba?"

"Gwarzo yana so ya ga kaka."

Ya daina dariya. Ya ce tun da ya fara kiɗa ba a taɓa roƙonsa ya yi shiru ba, amma ya ji.

Daminar nan ƙannena suka riƙe gonar. Ni kuwa na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada, inda ake aiki a zaune. Malamin ya saba da maimaita mini.

Da wata daminar ta zo na fita gayya. Taubashina ya bi kowa da ganga, da ya zo kaina ya ɗauke hannu ya wuce, yana cewa, "A bar tsoho ya lallaɓa." Na yi abin da na iya, na koma gindin gawo tun jikina bai ce komai ba. Washegari na jira gajiyar ta biyo baya. Wanshekare ma na jira. Da aka kira asuba na ɗauki buta, na taka har masallaci ban dafa katanga ba.