Giginyar Bayan Tsamiya

Wata Laraba ce, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, gulbi ya kawo ruwansa na farko mai ƙarfi. Da hantsi muka bar awaki a bakin gaɓa, muka hau tudu muna hangen ƙetare, inda Baba yake tsaye da ɗan wando iya gwiwa, goran fitonsa a hammata. Kusa da shi Malam Haruna tela ne, ya dawo daga Gusau da sabon kan keken ɗinki naɗe cikin buhu. An riga an sa keken a masaki an ɗaure. Abin da ya rage kawai Baba ya shiga ruwa, amma sai ya tsaya yana duban ƙauyenmu kamar baƙo.

Ƙauyen namu yana ƙetaren gulbi ne daga hanyar Bungudu. Da rani gulbin rairayi ne zalla, a ciki muke langa da kokawa, a ciki mata suke tonon ruwa su cika tuluna. Da damina kuwa, ba mai zuwa kasuwa ko asibiti sai ta hannun mai fito. Mu ba mu da kwalekwale. Masaki ake samu, ƙatuwar ƙwaryar nan da yaro zai zauna ciki ya miƙe ƙafa, a zuba kaya, mai fito ya kwanta bisa gora a baya yana turawa da ƙirji. Wahalar ita ce kayan suna tare masa gaba, kansa kuma yana daidai da ruwa. Ga shi kafin a kai mashigar garinmu sai an ratsa tsakanin wasu duwatsu biyu da muke kira Ƙofa, waɗanda ruwa yake rufewa idan ya cika. Faɗin wurin bai fi masaki ya wuce da ɗan sarari ba, ruwan kuma yana jan mutum gefe.

Baba ya yi suna a kan Ƙofa. Sauran masu fito sukan sauke kaya can ƙasa, mai kaya ya sha tafiya cikin laka, shi kuwa kai tsaye yake shiga, kuma bai taɓa jiƙa wa kowa ko ƙullin gishiri ba. Mutane suka ce laya ce ya gada. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, don yana jin daɗin zancen ƙwarai. Idan muka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Sana'ar da anka faɗi a kasuwa ta zama ta kowa." Wannan sunan shi ne abin da ya mallaka, ya fi gonarsa daraja a wurinsa.

A ranin da ya gabata Baba ya tafi cin rani Gusau, yana ga-ruwa. Ƙanensa Baffa Ila, mutum mai son a yaba masa, ya ga ɗakin Baba yana yoyo tun bara, ya ƙudura zai yi wa yayansa abin kirki kafin ya dawo. A gonarmu ta bayan tudu akwai wata doguwar giginya namiji, ba ta 'ya'ya, ba ta inuwar kirki. Ya tara samari suka kayar da ita, aka tsaga azara. Mu yara muka yi ta ɗaukar ƙasa a kwanon sha, Inna ta dama kunun tsamiya aka sha, aka yi rufi mai kyau. Da Baba ya dawo ya ɗaga kai ya ga rufin, ya sa wa ƙanensa albarka. Bai tambayi inda aka samo azara ba, shuka ta ɗauke masa hankali a gonar kusa da gida.

To, a ranar Larabar nan ne ya fara duban garin daga ƙetare. Malam Haruna ya ba da labari daga baya cewa da ya ga tsayuwar ta yi yawa ya ce wa Baba, "Lahiya dai, Mamman? Ko mu bi ta ƙasa?" Mutane kuwa sun taru gaɓa biyu suna jiran ganin fiton farko. Baba ya ce, "Yaushe ka taɓa ganin na bi ta ƙasa?" Ya yi bisimilla ya shiga.

Daga tudu muna ganin masakin yana tafe daidai, har ya kusa Ƙofa. Sai ya ɗan karkata hagu, ya bugi dutse. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka ƙwarya a tsakar gida. Masakin ya rabe biyu, buhun ya nutse, Baba ya fito can ƙasa da goshi a fashe. Na ji kunya a ranar fiye da tsoro, kuma na ji haushin mutanen da suka ƙi kallonsa.

Baba ya sayar da bijiminsa ya saya wa tela wani keken. Bai sake shiga gulbi da kayan kowa ba. A gari aka ce an karya masa laya, har Baffa Ila ya yi ta yawon neman wanda ya yi wa yayansa wannan aiki.

Sai da na fara koyarwa, Baba yana kwance cikin ciwon da bai tashi ba, ya gaya mini. Babu wata laya. Idan yana turawa, abin da yake iya gani ta saman kaya shi ne kan itatuwa. Akwai tsamiyar bakin mashiga, akwai giginyar nan ta gonarmu can bayanta. Muddin kan giginyar yana zaune daidai bisa tsamiyar, to yana kan hanyar Ƙofa. In ta zame dama ko hagu, sai ya gyara. Ya ce, "Da na hwaɗa ma mutum guda, da ba a sare ta ba. Kak ka gaya ma Ila."

Kwanan baya ɗiyata da take karatun injiniya ta nuna mini a waya yadda ake yi a manyan kogunan wasu ƙasashe. Ƙaramin jirgi ne mai ƙarfi yake tura jerin jiragen kaya daga baya, zai shigar da su wani matsattsen wuri tsakanin bango biyu, inda ake rufe ƙofa a ɗaga ruwa ko a sauke shi. Matuƙin ba ya ganin goshin kayansa, ruwa kuma yana jansa gefe. Amma akwai allo a gabansa, na'ura tana karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam tana nuna masa tazararsa da bango da inda ruwa yake kai shi. Ta ce duk matuƙin da ya zo, abu ɗaya zai gani, kuma ana koya wa kowa. Na daɗe ina kallo, har ta karɓe wayarta.

Yanzu an yi gada, mashin yake kai mutane ta kanta, yaran garinmu ba su san masakin fito ba. Baffa Ila ya tsufa, ba ya gani sosai. Duk sanda na je gaishe shi sai ya kawo zancen maƙiyan da suka cuci yayansa, ya ce Allah zai saka masa. Nakan ce amin, in gyara masa tabarma. Shirun da ya kayar da Baba, ga shi ni ma shi nake riƙe da shi.