Kurungun da Ya Ara wa Sani Murya

Wata Asabar ce, bazarar da na shiga aji huɗu a Paikon Kore, na tsaya cikin rafin bayan gonar doyarmu, ruwa iya gwiwa, ina laluben ƙarƙashin duwatsu. Kurungu nake nema, ɗan kifin nan mai gashin baki da ƙaya a gadon baya, wanda ke kwanciya a ƙasan ruwa, in an ciro shi ya riƙa kuka ƙiƙ-ƙiƙ kamar tsohon ƙyaure. Ƙanena Sani na zaune a gaɓa, shekararsa huɗu bai taɓa cewa ko "Inna" ba. An yi asibiti, an sha rubutu, shiru. Kusa da shi Mama Ladi ce, tsohuwar Bagwariya maƙwabciyarmu, mai wannan dabara.

"Kifi ya yi kuka a bakin yaro, ki mai da shi ruwa da rai," in ji ta. "Aro ne fa. In ya mutu a hannunki, magana ya tafi ke nan."

Da na damƙo shi ƙayar ta soke ni a tafin hannu, amma ina zan saki? Yana ta kuka har na kara shi a leɓen Sani, sai kifin ya yi tsit, ya sandare. Na ruga, santsi ya kwashe ni, na dai tsoma shi cikin ruwan. Ya juyo da cikinsa sama, ni ko na fashe da kuka. Can ya kaɗa wutsiya, ya nutse. Sai na ji ƙiƙ-ƙiƙ daga bayana. Na waiwaya, ashe Sani ne, ya ƙura wa ruwan ido ba ya ko ƙiftawa. Ranar ban yarda na goyo shi zuwa gida ba.

Kafin a haƙe doyar shekarar ya fara magana. Yau direban tasi ne a Gwagwalada, surutunsa sai ka toshe kunne, amma ko romon kifi ba ya sha, kuma in tunani ya ɗauke shi, wannan sautin kan fito daga maƙogwaronsa bai sani ba. Rafin an cike shi, gidaje sun hau kai. Mama Ladi ta rasu ba mu tambaye ta yaushe ake mayar da aron ba. Shi ya sa duk tsawon surutunsa a waya, ba na katse shi.