Ranar Da Na Share Wa Baƙi Ɗakin Karatu

Ɗakin karatun ƙungiyar unguwarmu a Bukan Sidi ɗaki ɗaya ne da baranda, kuma makullinsa a hannuna yake tun da na ajiye aikin koyarwa. Ba wani babban wuri ba ne. Kantocin littattafai ne, da bencinan da wani kafinta ya ba mu sadaka, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Amma in ka zo da hantsi sai ka tsallake ƙafafun mutane kafin ka kai teburina. Akwai 'yan jarrabawa, akwai ɗaliban da gidan hayarsu ba wuta, akwai wani tela mai zuwa karanta jaridar jiya. Akwai kuma wata mai doya daga Agyaragu, duk ranar da ta shigo gari sai ta biyo na karanta mata takardar maganinta.

Wata shekara ƙungiya ta ce za ta duba ko ɗakin yana da amfani. In yana da shi a gyara rufi, in babu a mayar da shi shagon haya. Ko gezau ban yi ba, daɗi ma na ji. Na ce bari dai su zo su gani da idonsu.

Sakataren ƙungiyar kuwa a hannuna ya tashi. A bencinan nan ya yi karatun jarrabawarsa ta gama sakandare, har makulli nake bar masa in zan tafi gida. Anti yake ce mini, ni kuma ƙanena. Ana saura 'yan kwanaki a zo duba ɗakin ya same ni a baranda, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum.

"Anti, ran Laraba komiti za su zo," in ji shi. "Da ciyaman da Alhazan kasuwa biyu. Kin san manya ba sa son hayaniya. A ɗan gyara wuri, a samu inda za su zauna. Kar su tarar da takalma zube a ƙofa."

A gidan da na tashi, in babban baƙo zai zo shara ake yi, a fitar da kowa, a bar masa ɗaki ya sake. Ban yi tunanin komai ba. Ni da bakina na bi masu karatuna ɗaya bayan ɗaya na ce ran Laraba kowa ya huta a gida. Mai doyar ta dube ni da mamaki.

"Mama, har ni ma? Abi mun yi laifi ne?"

Na ce ba laifi, baƙi ne za mu yi.

"To, Allah ya sa baƙon ya kawo mana fanka," in ji ta. "Wannan ya tsufa, yana wahala kawai."

Ran Laraba na goge ƙasa, na aro fararen kujerun roba, na dama kunun aya. Ɗakin bai taɓa kyau irin na ranar ba. Suka shigo, suka zauna, suka sha. Sai ciyaman ya waiga hagu da dama.

"Malama, ina masu karatun?"

"Saboda ku na ce su huta yau, ranka ya daɗe."

Ɗaya daga Alhazan ya yi dariya. "Ai mu saboda su muka zo, Malama."

Na juya wajen sakatare ina jira ya ce shi ya ba ni shawarar. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ɗaga waya, yana ɗaukar bencinan hoto. Na roƙi ciyaman su dawo gobe ba tare da sanarwa ba. Ya ce za su duba, kuma ba su dawo ba.

A babban taron ƙungiya sakataren ne ya karanta rahoton. Ya ce komiti ya je a lokacin aiki bai tarar da mai karatu ko ɗaya ba. Ya miƙa wayarsa ta zaga hannu zuwa hannu, kowa na kallon ɗakina fes, ba kowa a ciki. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk unguwa an san haka. Na miƙe na ce wannan da ke karatu shi ya sa ni na sallami mutane.

Bai ko ɗaga murya ba. "Anti, a gyara wuri na ce. Ban ce a kori kowa ba."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne gaskiya ya faɗa. Ya san irin tarbiyyar da aka yi mini, ya san yadda zan fassara maganarsa, sai ya bar ni na ƙarasa masa aikin da hannuna. Ciyaman ya tambayi telan, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce lallai Malama ce ta ce kar su zo.

Aka ɗaga hannu, masu son shago suka rinjaya. Bayan salla ɗakin ya koma wurin sayar da wayoyi, kuma yayan matar sakataren ne aka ba haya. Littattafan a buhunan gari na kwaso su zuwa falona. Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye ba.

Bara da damina na ji sallama, sai ga shi ya durƙusa a ƙofar falon. 'Yarsa za ta zauna jarrabawa, littafin lissafi ya yi tsada a kasuwa, ko Anti tana da shi a cikin buhu? Na so in kore shi. Amma yarinyar ba ta yi mini komai ba. Na kwance buhun na lalubo masa, na ce aro ne, a dawo da shi in ta gama.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Anti, har yanzu?"

Yarinyar ta ci jarrabawarta, na ji labari a wajen maƙwabta. Littafin bai dawo ba.